Sharhin Hoto Tsakanin Masu Sha'awa: Misali Daga Kyamara Mai Matsakaicin Fim

Gabatarwa

A darussan da suka gabata an yi bayanin tarken adabi, inda aka nuna cewa mai tarke yakan fara da fahimtar abin da ke gabansa kafin ya yanke hukunci. Wannan ƙa'ida ba ta tsaya ga waƙa da zube da wasan kwaikwayo ba. A nan za a dubi yadda masu ɗaukar hoto don sha'awa suke nuna wa juna aikinsu su yi masa sharhi, musamman waɗanda ke amfani da kyamara mai matsakaicin fim. Dalilin kawo wannan misali shi ne, ɗalibi mai shirin zama malami zai tarar da hoto a kusan kowane gida, ko da a ƙauyen da littattafai suka yi ƙaranci.

Matsakaicin Fim

Kafin zuwan kyamarar zamani da wayar hannu, a kan fim ake ɗaukar hoto, sa'annan a wanke shi a ɗaki mai duhu. Fim iri-iri ne. Akwai ƙarami mai faɗin milimita 35, akwai babba wanda ake sakawa falle-falle, sai kuma matsakaici da ke tsakaninsu. Wanda ya fi shahara cikin matsakaitan shi ne mai lamba 120, wanda kamfanin Kodak na Amurka ya fito da shi a shekarar 1901. Idan kyamarar mai ɗaukar hoto murabba'i ce, wato santimita 6 kowane gefe, naɗi ɗaya yana ba da hoto 12 kacal, alhali ƙaramin fim yakan ba da 24 ko 36. Sai dai filin kowane hoto ya ninka na ƙaramin fim fiye da sau uku da rabi. Wannan ne ya sa ko an faɗaɗa hoton ba ya dushewa. Ana iya ganin zaren aikin wuyan riga da zanen da ke fuskar mutum.

Kyamarar da ta fi yin suna a wannan fage ita ce Rolleiflex, wadda aka fara sayarwa a Jamus a 1929. Idanu biyu gare ta, ɗaya bisa ɗaya: na sama na dubawa, na ƙasa na ɗauka. Mai hoto yakan riƙe ta daidai cikinsa ya sunkuya ya leƙa ta sama, inda zai ga hagu ta koma dama. Daga baya Yashica ta Japan ta fito da mai kama da ita mai sauƙin kuɗi.

Inda Al'adar Sharhi Ta Samo Asali

A Turai masu sha'awar hoto sun daɗe da kafa ƙungiyoyi. Wadda aka kafa a Landan a 1853 tana nan har yau. A irin waɗannan ƙungiyoyi kowa yakan kawo hotonsa a kafe, a zauna a yi ta muhawara a kansa. A Afirka ta Yamma kuwa wannan kyamara ta fi zama kayan sana'a. Da ita Malick Sidibé na Bamako ya ɗauki da yawa daga hotunan da suka sa aka ba shi lambar yabo ta Hasselblad a 2003. A garuruwan Arewacin Nijeriya ma, masu shagon hoto, waɗanda da dama daga cikinsu 'yan Kudu ne, sun yi aiki da irinta har zuwa lokacin da injinan wanke hoto mai kala suka yawaita a shekarun 1980. Sharhi a nan tsakanin maigida da yaronsa ake yinsa, sai kuma mai hoton da kansa, wanda in bai ga kyansa ba ba zai biya ba.

A yau masu sha'awa ne suka riƙe wannan fim, domin har yanzu Kodak da Ilford suna yinsa. Sukan wanke shi, su shigar da hoton cikin kwamfuta, su aika wa abokan sha'awarsu na nesa. Tsadar fim da ƙarancin hotunan da naɗi ke bayarwa su ne suka sa sharhi ya zama dole a wurinsu. Wanda ke da dama 12 kawai ba ya son maimaita kuskure.

Yadda Ake Yin Sharhin

Mai sharhi na ƙwarai ba ya buɗe baki da “ya yi kyau” ko “bai yi ba”. Da farko yakan faɗi abin da idonsa ya gani: wane ne a hoton, ina yake tsaye, daga ina haske ya fito, me ke bayansa. Bayan haka ya tambayi mai hoton abin da ya yi niyyar nunawa. Sai an san niyya ake iya auna aiki, kamar yadda ba a zargin waƙar makoki da rashin ban dariya. Daga nan ne ake shiga sha'anin fasaha, kuma sanin halin kyamarar yana hana zalunci. Alal misali, tunda idon dubawa yana sama da na ɗauka, in aka matso kusa ƙwarai hoton yakan yanke saman kai. Wanda ya san haka zai ce wa ɗan'uwansa ya ja baya kaɗan, maimakon ya ce masa bai iya ba. Haka nan dushewar abin da ke bayan mutum sau da yawa ba aibi ba ne, da gangan ake yinta don ido ya tsaya kan fuska.

Akwai illa biyu da ke kashe irin wannan zama. Ɗaya ita ce yabon kara, wanda al'adarmu ta kunya ke haifarwa, har mutum ya shekara yana kuskure ɗaya ba wanda ya faɗa masa. Ɗayar kuwa ita ce a bar hoto a koma yabon kyamara da tsadarta. A ganina ta biyun ta fi muni, domin tana koya wa sabon shiga cewa kuɗi ne fasaha.

Amfaninsa Ga Malamin Hausa

A ɗauki garin Zuru a Jihar Kebbi. Ƙasar Zuru ta shahara da aikin soja, saboda haka ba a rasa tsofaffin hotunan iyaye da kakanni cikin kaki a gidaje, ga na aure da na bikin Uhola na Dakarkari. Malami zai iya neman ɗalibai su aro irin waɗannan da izinin masu su. A zaɓi ɗaya, a ce kowa ya rubuta abin da ya gani cikin jimla biyar, ba tare da kalmar yabo ko ta kushe ba. Za a tarar wannan ya fi wuya fiye da yadda ake zato, kuma a nan ne ɗalibi ke neman sunayen tufafi da kayan ado da na launi, waɗanda a da bai damu da su ba. Sai a darasi na biyu a ba su damar yin hukunci, da sharaɗin kowa ya nuna wurin da ke cikin hoton wanda ya dogara da shi.

Wajibi ne malami ya ja kunnen yara game da riƙon hoton. A kama shi ta gefe, kada a rubuta komai a bayansa da biro, kada a bar shi a rana ko inda damshin damina zai same shi. In an ci sa'a an samu nagatif ɗinsa, a sa shi cikin takarda mai tsabta a mayar wa mai shi tare da hoton.