Kiranyen A-kori-kura: Wasiƙar Da Ba Ta Isowa Birnin Gwari

Tun da Gwamna Uba Sani ya buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a watan Nuwamba na 2024, bayan ta yi shekara da shekaru a rufe, motoci suka sake kama hanya. Masara da dawa da shinkafa da waken soya da ke fitowa daga Dogon Dawa da Kuyello da Randagi da Kakangi, babbar mota ba ta iya shiga ko'ina ta kwaso su. A-kori-kura ce ke bin ƙananan hanyoyi, ta ɗauko buhuna daga bakin gona ta kawo gari, ta koma da taki da gishiri da mutane. Saboda haka lafiyarta ta shafi manomi da ɗan kasuwa da malamin da ke rubuta lissafin kaya, ba mai motar kaɗai ba.

To, akwai wata magana game da motocin nan wadda ba a cika jin ta a tasha ba, watau maganar kiranye.

MENE NE KIRANYEN MOTA?

Wani lokaci kamfani yakan ƙera mota ya sayar, sai bayan shekaru a gane akwai wani aibu a jikinta tun daga maƙera, wanda zai iya halaka mutum. A Amurka akwai doka tun 1966 wadda ta tilasta wa kamfani, in haka ta faru, ya sanar da hukuma, ya aika wa kowane mai irin motar nan wasiƙa ta gidan waya, ya kuma gyara ba tare da karɓar ko kwabo ba. Wannan shi ne kiranye. Japan da ƙasashen Turai su ma suna da irin tasu dokar.

Ga inda gizo ke saƙar. Wasiƙar tana zuwa ne ga wanda sunansa ke cikin littafin rajista na ƙasar da aka fara sayar da motar. Galibin a-kori-kurar da ke aiki a ƙasar Birnin Gwari kuwa ta hannu ce, ta yi aiki a wata ƙasa, ta shiga jirgin ruwa ta sauka Ikko ko Kwatano, ta bi hannun dillalai uku ko huɗu kafin ta iso. Kamfani bai san tana nan ba. Wasiƙarta tana can an jefa a wani gida a Texas ko Florida, ita kuwa tana nan tana hawan gangaren rafi da buhu ashirin a baya. In mai ita bai nemi labarin da kansa ba, ba mai kawo masa.

JAKAR ISKA DA TAKIN ZAMANI

Kiranye mafi girma da aka taɓa yi a tarihin motoci shi ne na jakar iska, wadda makanikai ke ce wa iyabag. Ita ce jakar nan da ke naɗe cikin sitiyari da kuma cikin dashbod a gaban fasinja, wadda ke kumbura nan take in an yi karo, don ta tare ƙirji da fuska. Abin da ke hura ta wani ɗan gwangwanin ƙarfe ne mai ɗauke da magani kamar albarushi. In mota ta bugi wani abu, sai maganin ya kama, iskarsa ta cika jakar kafin ƙiftawar ido.

Wani kamfanin Japan mai suna Takata shi ya ƙera wa kamfanonin motoci da yawa wannan gwangwani, ya zuba masa amoniyam naitiret. Manoma sun fi kowa saurin fahimtar abin da ya biyo baya, domin sinadarin nan yana cikin wasu irin takin zamani. Kowa ya san abin da ke samun buhun taki in an ajiye shi a ɗaki mai danshi: ya sha raɓa, ya dunƙule, ya sake kama. Haka maganin ke lalacewa a cikin gwangwani in ya shekara da shekaru yana shan zafin rana da sanyin dare da laima. Ranar da aka yi karo, sai ya ci da ƙarfin da ya wuce ƙima, gwangwanin ya tarwatse, gutsattsarin ƙarfe su yi wa direba feshi a wuya da fuska.

Honda ne ya fara kiranye a kan wannan a 2008, da motoci kamar 4,000 kacal. Kafin a ankara abin ya kai gwangwani wajen miliyan 67 a Amurka kaɗai, a duniya kuwa kusan miliyan 100. Zuwa 2024 hukumar kiyaye haɗarin motoci ta Amurka, NHTSA, ta tabbatar da mutuwar mutum 28 a ƙasarta, ban da ɗaruruwan da suka ji rauni, ban da waɗanda suka mutu a Malesiya da wasu ƙasashe. A 2017 Takata ya amsa laifi a gaban kotun Amurka, a shekarar nan kuma ya karye.

Masu bincike sun gano inda zafi ya haɗu da laima nan maganin ya fi saurin lalacewa, har yana iya zama haɗari bayan shekara 6 zuwa 9. Shi ya sa aka fara gyara da jihohin kudancin Amurka na bakin teku. Sai mai karatu ya auna da kansa: motar da ta yi ƙuruciyarta a irin waɗannan jihohi, ta kwana a tashar jirgin ruwa, sa'an nan ta zo tana shan zafin bazara da damina mai tsawo ta gefen dajin Kamuku, wane hali gwangwaninta ke ciki?

MUTUMIN DA YA BUGE SANIYA

A watan Disamba na 2015, wani mutum a jihar South Carolina yana tuƙa a-kori-kura ƙirar Ford Ranger ta 2006, sai ya ci karo da saniya a kan hanya. Jakar iska ta tashi, gwangwanin ya fashe, ƙarfe ya soke shi a wuya, ya mutu. Binciken gawa ya nuna ƙarfen nan ne ajalinsa. A watan Janairu na 2016 Ford ya yi wa Ranger wajen 391,000 kiranye, ƙirar 2004 zuwa 2006. A 2017 wani ya sake mutuwa cikin Ranger ta 2006 a jihar West Virginia, sai a farkon 2018 kamfanin ya ce wa masu wasu daga cikinsu su ajiye su, kada su ƙara tuƙawa sai an gyara. A watan Agusta na 2024 Ford da Mazda suka faɗaɗa gargaɗin nan ya kai motoci fiye da 450,000, har da Ranger ta 2004 zuwa 2011 da ba a gyara ba.

Duk direban da ya saba da hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta Buruku da Udawa, ko hanyar Funtuwa, ya san garken shanu na iya ɓullowa daga daji a kowace kwana, balle ranar kasuwa. Karon da a da sai dai a sake fitila da lagireto, a mota mai wannan aibu yana iya zama na ƙarshe. Kaduna kuwa tana da nisan kilomita 120 ko kusa da haka, wanda jijiyar wuyansa ta yanke ba shi da wannan lokaci.

Kada mai Toyota ya ce abin na masu Ford ne. Tundra ƙirar 2003 zuwa 2006 tana cikin jerin. A farkon 2018 reshen Toyota na Afirka ta Kudu ya kira motoci fiye da 700,000 saboda jakar Takata, Hilux na ciki. Wasu Navara na Nissan da L200 na Mitsubishi su ma an kira su a wasu ƙasashe. Kuma ba jakar iska kaɗai ke jawo kiranye ba. A 2004 Toyota ya kira tsofaffin Hilux a Japan saboda wani ƙarfen sitiyari da ke iya tsagewa ya karye, a 2005 ya kira kusan miliyan ɗaya masu irin ƙarfen a Amurka. Motar da sitiyarinta ya saki a tsakiyar daji da magariba, mutanen Birnin Gwari ba sa bukatar a gaya musu abin da hakan ke nufi.

YADDA AKE DUBAWA

Kowace mota tana da lambar shasi, wadda ke matsayin sunan yankanta. A motocin da aka ƙera daga 1981 zuwa yau, galibi haruffa da lambobi 17 ne. Ana samunta a jikin ginshiƙin ƙofa, ko a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, ko a buge a jikin shasin, tana kuma cikin takardun mota da na kwastan. Babu harafin I ko O ko Q a cikinta, in an ga mai kama da su to 1 ne ko 0. A kwafe ta daga jikin motar, a gwada da ta takarda, domin takan saɓa.

Farkon lambar yana faɗin ƙasar da aka ƙera motar. J na Japan ne. Lamba 1 ko 4 ko 5 na Amurka ne. Hilux mai farawa da MR0 daga Tailan take, mai farawa da AHT kuwa daga Afirka ta Kudu.

In motar Amurka ce, tun 2014 hukumar NHTSA ta buɗe wurin dubawa a intanet kyauta. Duk mai babbar waya, ko ɗalibi ko malamin sito, zai iya shigar da lambar, nan da nan a nuna masa ko akwai kiranyen da ba a gyara ba. Amma a lura, wurin nan motocin da aka sayar a Amurka kaɗai ya sani, kuma ba lallai ya nuna kiranyen da ya wuce shekara 15 ba. Hilux ba a sayar da ita a Amurka yanzu, don haka in ba a ga komai a kanta ba, wannan bai wanke ta ba. Mai Hilux ko Navara ko L200 sai ya nemi wakilin kamfanin na ƙasar nan, ya ba shi lambar ya duba masa.

Fitilar jakar iska da ke dashbod ba ta nuna wannan aibu. Takardar VIO ma ba ta faɗinsa. Makanike komai gwanintarsa ba zai gane da ido ba, gwangwanin a rufe yake ruf.

IN AN SAMU MOTA TANA CIKI

Da farko a karanta abin da kamfani ya ce. In ya ce kada a tuƙa, to a ajiye ta. Asarar lodin mako biyu tana da zafi a lokacin kaka, amma ana mayar da ita.

Na biyu, a buga wa wakilin kamfani waya kafin a ƙona mai zuwa Kaduna ko Abuja. A tambaye shi abu uku: ko yana da kayan gyaran, ko zai karɓi motar, da kuma ko akwai biya. Wadda aka saya sabuwa ta hannun wakili ta fi sauƙin sha'ani. Wadda ɗan kasuwa ya shigo da ita daga waje, ba lallai ne a gyara ta kyauta ba, gara a san haka tun daga gida. Wanda ya ga an tauye masa haƙƙi yana iya kai kuka ga hukumar kare masu saye, FCCPC.

Na uku, in jakar wajen fasinja ce ke da aibun, kada a zaunar da kowa a gaba sai an sake ta. Wannan zai yi wa direbobi nauyi, da yake mutum biyu ake cusawa a kujerar nan, wani lokaci har da mace mai goyo a cinya. Amma fuskarsu ce ke daidai bakin gwangwanin.

Na huɗu, kada a je Panteka a sayo tsohuwar jakar iska a ɗaura. Wadda aka ciro daga mataccen mota tana iya zama ita ma mai aibun ce, ta ma fi tsufa. An yi haka a Las Vegas, aka sa wa wata Honda tsohon gwangwani, a 2017 ya fashe ya ji wa yarinyar da ke tuƙi mummunan rauni a maƙogwaro. Haka kuma kada a bar yaron gareji ya sa guduma ko wutar walda a gwangwanin nan, abin fashewa ne.

Na biyar, in an gama gyara a karɓi takardar shaida a haɗa da takardun mota. Ranar sayarwa za ta ƙara mata daraja.

Mai shirin sayen a-kori-kura da kuɗin amfanin gona shi ya fi kowa dama, domin zai iya duba lambar tun kuɗinsa na aljihu. Shugabannin tasha kuwa da ƙungiyoyin manoma masu motar haɗin gwiwa za su iya sa malami ɗaya ya zauna ranar kasuwa da waya da littafi, ya bi motoci ɗaya bayan ɗaya yana rubuta lambobinsu. Aikin yini guda ne, kuma ya fi kyau a yi shi da rani ko farkon damina, tun lodin kaka bai taso ba.

Wasu za su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne rai na hannun Allah, amma an hori mutum ya ɗaure raƙuminsa sa'an nan ya yi tawakkali. Manomin da ya san ya ɗora buhun taki a kan katako don kada danshi ya taɓa shi, bai kamata ya zauna kullum da irin sinadarin nan a gaban ƙirjinsa bai tambaya ba. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya, amin.