Kafin a Binne Mabiyiya

Duk lokacin da jariri ya faɗo bai yi kuka ba, idon dangi kan ungozoma yake komawa. Ni kuwa a nawa ganin, akwai wata shaida da muke gaggawar binnewa tun ba a saurare ta ba, wato mabiyiya.

Ta mabiyiya ɗan tayi ke samun iskar oksijin, domin huhunsa bai fara aiki ba. Idan iskar ta yi ƙaranci, sai asid ya taru a jikinsa, jini ya yi tsami. Likitoci kan gane haka ta ɗiban jinin cibiya da zarar an haihu. A ma'aunin pH, lafiyayyen jariri kan tsaya kusa da 7.25, wanda ya sauka ƙasa da 7.0 kuwa ƙwaƙwalwarsa na cikin haɗari. Sai dai adadin ba ya faɗin lokacin da ɓarnar ta fara.

A nan ne mabiyiya ke da ta cewa. A shekarar 2016 masana suka wallafa ƙa'idojin Amsterdam na duba ta a ƙarƙashin madubin likita. Inda hawan jinin masu ciki ya ƙuntata jijiyoyin uwa, akan tarar da mabiyiya ta tsumbure, wasu sassanta sun mutu. Inda cibiya ta daɗe a matse, akan ga gudajin jini a jijiyoyin ɗan tayi. Zazzaɓin cizon sauro ma, da muka raina, yakan bar tabonsa a ciki. Irin wannan lahani aikin kwanaki ne ko makonni. Jariri kan shiga naƙuda ba guzuri, alhali kowane murɗawar ciki na rage jinin da ke isa mabiyiya.

Kada mai karatu ya ɗauka ina wanke ma'aikatan asibiti ne. Jarirai da dama masu tsamin jini mabiyiyarsu lafiya lau take, kuma a nan dole tambaya ta koma ɗakin haihuwa: awa nawa aka yi ana naƙuda, wa ya saurari bugun zuciyar jaririn?

Ban ce a bar al'adar binnewa ba. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suna da sashen binciken nama. 'Yan yanka kaɗan ake buƙata, ana iya mayar wa dangi sauran. Idan aka gano jijiyoyin uwa ne suka gaza, likita na da hujjar sa mata ido, ya kuma ba ta ƙaramin asfirin a ciki na gaba.