Idan Dayod Ya Yi Batan-dabo a Kasuwa: Yadda Ake Samo Wa Amfilifaya Madadi

Babu unguwar da za ka shiga a Kano ko Zariya ka rasa amfilifaya. Ita ke kai kiran salla kunnen jama'a, ita ke aiki a taron saukar Islamiyya da wajen biki. Da yawa daga cikinsu kuma sun tsufa: ga Ahuja 'yar Indiya da ta daɗe a masallatai, ga tsofaffin Sansui da Pioneer da Kenwood na Japan, wasunsu tun shekarun 1970 aka ƙera su. Idan irin waɗannan suka mutu, sau da yawa abin da ya lalace bai wuce ƙwayar shinkafa girma ba. Sai mai gyara ya karanta lambar da ke jikinsa, ya zaga shagunan Sabon Gari, kowa ya ce masa babu. Daga nan sai a jingine na'ura a lungu, ƙura ta rufe ta.

Mu da muke karatun lantarki a jami'a, muke kuma leƙa shagunan masu gyara lokacin hutu, mun lura cewa yawancin waɗannan dayod ɗin suna da madadi. Ƙannenmu da ke ajin Fiziks sun san dayod: hanya ɗaya yake ba wa wuta, idan ta juyo sai ya tare ta. To amma ba aiki ɗaya duk dayod ke yi a cikin amfilifaya ba, kuma aikin da yake yi a wurin da aka sa shi ne zai gaya maka abin da zai iya maye gurbinsa. Kamannin jiki ba ya cikin lissafi.

Lambar kanta tana ba da labari. Wadda ta fara da 1N tsarin Amurka ce, 1S na Japan, su BA da BY da BZ kuma na Turai. Saboda haka 1S1555 ko 1S2473 da ka rasa ba wasu abubuwan al'ajabi ba ne, ƙananan dayod ne na silikon 'yan Japan, kuma a mafi yawan wurare 1N4148 da ke kowane shago zai yi aikinsu.

Mafi sauƙin sha'ani su ne na ɓangaren wuta, masu mayar da wutar taransifoma mai kai-da-komo ta zama miƙaƙƙiya. Abu biyu ake dubawa: amfiya nawa dayod zai ɗauka, da kuma bolt nawa zai iya tarewa idan wuta ta juyo. Madadi ya kai na asali ko ya fi shi. Dangin 1N4001 zuwa 1N4007 duk amfiya 1 suke ɗauka, sai dai na farko bolt 50 yake tarewa, na ƙarshe 1,000. Don haka 1N4007 zai zauna a gurbin duk 'yan'uwansa. 1N5408 amfiya 3 ne, 6A10 kuma 6. Ga wani lissafi da ke kayar da mutane: taransifoma mai 30-0-30 ba bolt 30 take ɗora wa dayod ba. Ƙololuwar kowane ɓangare kusan 42 ce, dayod kuma yana fuskantar ninkinta, wajen 85. Wanda ya sa 1N4001 a nan ya sayi gyara na biyu.

Sai dai a kula da sababbin amfilifayoyi marasa nauyi, waɗanda ba su da ƙatuwar taransifoma. Wutar gidajenmu sau 50 take juyawa a daƙiƙa, amma a cikin waɗannan ana kunna ta ana kashewa sau dubbai masu yawa. 1N4007 ba shi da wannan hanzari. Zafi zai yi ya ƙone. A nan sai irin su UF4007 ko MUR460, masu saurin rufe ƙofa. Harafi biyu ne suka raba UF4007 da 1N4007, ga jiki iri ɗaya, ga launi iri ɗaya.

Zener kuwa dokarsa daban ce. Aikinsa tsayar da wuta a wani adadi, misali bolt 15 da ake ba ƙananan ayisi irin 4558. A nan "wanda ya fi" ba gwaninta ba ce: idan na 15 aka cire, na 15 za a mayar, kamar 1N4744A. Wat ɗinsa ne kawai zai iya fin na asali. In ba a samu ba, ana jera biyu masu 7.5 ɗaya a bayan ɗaya, su ba da 15.

Inda gizo ke saƙa shi ne dayod ɗin da ke daidaita manyan taransistocin da ke tura sauti zuwa lasifika. Waɗannan taransistoci ana barinsu da 'yar wuta kaɗan tana ratsa su ko da babu sauti, don kada murya ta riƙa karcewa. Matsalar ita ce silikon idan ya yi zafi, bolt ɗin da yake buƙata kafin ya buɗe yana raguwa da kusan milibolt 2 a kowane digiri. Taransista ya yi zafi, ya ƙara jan wuta, ya ƙara zafi, haka dai har ya ƙone. Dabarar masu ƙira ita ce su manna dayod a jikin alminiyam ɗin da ke zuƙe zafin taransistocin. Yana jin zafi tare da su, nasa bolt ɗin ya ragu, sai ya rage musu wuta. Mai gadi ne, in ka so.

Injiniyoyin Japan sun yi amfani da wasu na musamman a irin wannan aiki, kamar VD1212 da STV-3H, kuma an daɗe da daina ƙera su. Da ido za ka ɗauka dayod ɗaya ne. A zahiri VD1212 tamkar guda biyu ne a jere cikin gida ɗaya, STV-3H kuma uku. Masu gyara kan jera 1N4148 biyu a gurbin na farko, uku a gurbin na biyu. Wanda ya sa guda ɗaya, taransistoci ba za su sami isasshiyar wuta ba, sauti ya fito a shaƙe, musamman idan an rage murya. Wanda ya wuce adadi, wuta ta yi musu yawa. Wanda kuma ya jera daidai amma ya bar su suna lilo a iska, nesa da alminiyam ɗin da na asali ke manne da shi, ya fi kowa shiga uku, domin a teburin gwaji komai zai yi lafiya lau. Sai an kai ta masallaci ranar Juma'a a watan Afrilu, liman yana tsakiyar huɗuba, hayaƙi ya tashi. Dayod na 'yan nairori ya jawo asarar taransistoci huɗu ko takwas, wani lokaci har da lasifika. A ganinmu wannan ne wurin da ake bambance mai gyara da mai canje-canjen kaya.

Tsofaffin na jamaniyam, irin su OA90 da 1N34A, wajen bolt 0.3 suke ci, ba 0.6 na silikon ba. Idan a wurin tace sigina suke, Schottky kamar BAT85 kan yi. Kuma kada a yarda da rubutun jiki kawai, domin jabu sun yi yawa. A sa mita a alamar dayod: silikon zai nuna tsakanin 0.5 da 0.7, a juya wayoyin ya ƙi nuna komai. Idan yana kan allo, a ɗaga ƙafa ɗaya kafin a auna.

Ba kuma sai kasuwa ba. Mataccen ƙwan fitila mai tsimin wuta yakan ƙunshi 1N4007 da dama, akwatin wutar tsohuwar kwamfuta kuma cike yake da masu hanzari. Bola ma shago ce ga wanda ya iya karanta lamba.

Ga ƙannenmu masu sha'awa, ku fara da batir mai bolt 9, da rezisto, da mita, ku auna dayod ɗaya, biyu, uku a jere, ku ga yadda adadin ke hawa. Ku riƙe shi da yatsu ya ɗumama, za ku ga lambar tana sauka a hankali. Buɗe amfilifaya kuwa sai a gaban malami ko ƙwararren mai gyara, domin manyan kafasitocinta suna riƙe wuta bayan an zare soket, ta cikin gida kuma bolt 230 ce. Masu gyara na kirki ba sa kunna wadda suka gama kai-tsaye. Suna jona ta ta cikin ƙwan fitila mai zare na wat 60 ko 100, wanda shi ma yanzu nemansa ya zama aiki. Idan ya yi haske ya dushe, an dace. Idan ya ci gaba da haske sosai, akwai inda wuta ke zuba, sai a kashe nan take. Bayan haka a cire ƙwan, a daidaita 'yar wutar taransistocin, a bar na'urar a kunne kamar minti ashirin, a sake aunawa a ga ko ta tsaya wuri ɗaya ko tana hawa.