Yadda Ake Gasar Giyar Gida a Amurka

Dafa giya a gida don sha'awa tsohuwar al'ada ce a ƙasashen Turai, amma a Amurka ta zama laifi tun zamanin haramcin barasa na 1920 zuwa 1933, kuma ko bayan ɗage haramcin ba a sakar wa masu dafa giyar hatsi mara ba, sai a watan Oktoba na 1978 da shugaba Jimmy Carter ya rattaba hannu a kan dokar da ta ba su dama. Dokar ta yarje wa baligi ya dafa galan 100 a shekara, ko galan 200 ga gidan da ke da baligai biyu zuwa sama, bisa sharaɗin kada ya sayar da ko kwalba ɗaya. Jihohin Misisipi da Alabama ba su bi sahu ba sai a 2013.

A wannan shekara ta 1978 ne Charlie Papazian da Charlie Matzen suka kafa ƙungiyar masu dafa giya a gida, wadda ake kira AHA, a garin Boulder na jihar Kolorado, kuma a 1979 ta shirya gasarta ta farko da giya iri 34 kacal, gasar da daga baya ta riƙa karɓar dubbai. Duk da cewa Musulunci ya haramta giya, tsarin alƙalancin wannan gasa ya cancanci mai karatu ya san shi, domin an gina shi ne a kan toshe ƙofar son kai da sanayya.

Kayan haɗin kaɗan ne: ruwa, da tsiron sha'ir, wato hatsin da aka jiƙa ya tsira sannan aka busar, kamar yadda masu burukutu ke yi da dawa, da yis mai mayar da zaƙin tsiron barasa, da furen wata shuka mai yaɗo da ake kira hops, wanda ke ba giyar ɗaci da ƙamshi. Daga waɗannan ake fitar da salo masu yawa, kuma wajibi ne mai shiga gasa ya zaɓi rukunin da giyarsa ta dace da shi, domin alƙali yana auna ta ne da siffofin da aka rubuta wa wannan rukuni, ta yadda giya mai kyau kan faɗi ƙasa idan aka shigar da ita inda ba nata ba. Kwalaben da ake kai wa alƙali ba sa ɗauke da wata alama sai lamba, don kada ya san mai kayan.

Alƙalan, waɗanda galibinsu 'yan sa-kai ne, suna samun shaidar ƙwarewa daga hukumar BJCP da aka kafa a 1985, bayan cin jarrabawar rubutu da ta ɗanɗano. Makin gasar 50 ne: 12 na ƙamshi, 3 na kamanni, 20 na ɗanɗano, 5 na yadda giyar ke zama a baki, 10 na gamsuwar alƙali gaba ɗaya. Da an zuba ta a kofi alƙali kan kai hanci tun kafin ƙamshin ya gushe, sannan ya ɗaga kofin wajen haske ya duba launi da kumfa, kafin ya kurɓa. Kowane aibi yana da alamarsa da dalilinsa. Ƙamshin man shanu yana nuna an raba giyar da yis kafin ya gama aikinsa, warin jiƙaƙƙen kwali yana nuna iska ta shige ta, tsamin da ba a nufa ba kuwa yawanci daga rashin tsabtar kayan aiki yake. Alƙalai biyu ko fiye ne ke zama a kan kowace kwalba, kowa ya ba da makinsa shi kaɗai, sannan su tattauna idan tazarar ta yi yawa.

Bayan gasa ana mayar wa kowane mai shiga takardun alƙalai, ko ya ci ko bai ci ba, ɗauke da bayanin abin da suka ji da shawarar gyara. Wannan takarda ta fi lambar yabo amfani, domin 'yan'uwa da abokai kan yaba abin da aka ba su kyauta saboda kara, alhali alƙalin da lamba kawai ya gani ba shi da wanda zai ji wa nauyi.