Gaɓar Rafi a Akwatin Gilashi: Tace Gaskiya Daga Jita-jita

Tun da sha'awar kiwon kifin ado ta shiga gidajen mutanen birni, har ya zama ba abin mamaki ba ne mutum ya shiga falon wani ya tarar da akwatin gilashi cike da ruwa, 'yan kifaye suna kai da kawowa a ciki, sai maganganu suka yawaita a kan wani nau'in akwati da Turawa ke kira ripariyam, sunan da aka ciro daga kalmar Latin mai ma'anar gaɓar kogi. Siffarsa ita ce a bar samansa a buɗe, a rage ruwan kada ya kai baki, sa'an nan a maƙala 'yan kofuna masu huji-huji a jikin gilashin baya, a cika su da tsakuwa, a dasa irin tsirran da Allah Ya halitta don zaman bakin ruwa, saiwa a nutse, ganye a sarari yana shan iska. Wanda ya dube shi sai ya ga kamar an yanko gaɓar rafi an kawo masa ɗaki. To, abin da ya ƙayatar da ido ba ya rasa masu ƙara masa gishiri, don haka na ga ya wajaba a tace maganganun nan, a ware ingantacciya daga mai rauni, domin kifin da ke ciki rai gare shi, kuskuren mai shi kuwa a kansa yake ƙarewa.

Babbar magana, wadda sauran duk 'ya'yanta ne, ita ce wai akwatin da aka dasa wa tsirrai yana riƙe kansa da kansa, ba ya bukatar na'urar tace ruwa, balle a ce za a riƙa sauya masa ruwa. Wannan da'awa tana da asali, asalin kuwa ba ƙarya ba ne. A shekarar 1850 wani masanin sinadarai a Landan, Robert Warington, ya bayyana yadda ya ajiye kifin zinariya guda biyu tare da ciyawar ruwa da dodon koɗi a mazubin gilashi, ruwan ya daɗe bai ɓaci ba. Hikimar ita ce, kifi yana fitar da wani dafi da ake kira amoniya, wasu ƙananan halittu kuma da ido ba ya riskarsu, wato bakteriya, waɗanda ke zaune a jikin tsakuwa da saiwoyi da soson na'urar tacewa, suna juya shi ya zama nitirayit, wanda shi ma dafi ne, daga nan ya zama nitirat mai sauƙin illa. Tsirrai kuwa amoniya da nitirat duk taki ne a wurinsu. Bal ma tsiron da ganyensa ke sarari ya fi na cikin ruwa ƙarfin zuƙa nesa ba kusa ba, saboda iskar kabon da yake haɗa abincinsa da ita tana yaɗuwa a sarari da saurin da ya ninka na cikin ruwa wajen sau dubu goma, mas'alar da Diana Walstad ta yi wa bahasi mai tsawo a littafinta na shekarar 1999.

Zuwa nan magana sahihiya ce. Inda ta karkace shi ne wajen ƙiyasi, domin rafi na gaskiya ruwan da ya wuce shi ɗazu ba shi ne na yanzu ba, kullum sabo yana gangarowa daga sama yana wanke tsoho, alhali akwati ruwa ɗaya ne a tsare, ana zuba masa abinci safe da yamma, tsirran kuwa ba sa iya sha sai gwargwadon girmansu da hasken da suke samu. Sa'an nan akwai wani abu da galibi ake mantawa: akwatin da samansa ke buɗe yana tsotsewa da sauri, musamman da hunturu, abin da ke tashi kuwa ruwa ne zalla, gishirin da ke narke a cikinsa yana nan, kamar yadda miya ke ƙara gishiri idan ta daɗe a kan wuta. Saboda haka ciko daban, sauyi daban. Wanda ke ƙara ruwa kurum ba ya ɗiban tsoho, tara gishirin yake yi wata bayan wata. Abin da gogaggu suka jarraba ya tabbata shi ne a kwashe kimanin rubu'in ruwan kowane mako a mayar da sabo. Ni dai ban ga uzurin da ganye zai ba mai kifi a nan ba, tun da hadisin nan na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha sananne ne a wurin kowane almajiri.

Akwai kuma wata shubuha mai kama da ilimi, wai yawan ganyen nan shi ke ba kifi iskar numfashi. Ganyen da ke sarari cikin ɗaki yake sakin oksijin ɗinsa, ba cikin ruwa ba, saiwoyin da ke nutse ma bukatar iskar suke yi kamar kifin. Oksijin yana shiga ruwa ne ta fuskarsa idan tana motsi, shi ya sa famfon da ke kaɗa ruwa ya zama sharaɗi ga kifin rafi, wanda aka halitta shi a ruwa mai gudu. Dubi ɗan kifin nan mai faɗin ciki da ake kira sewiliya, na rafukan duwatsun Biyetnam, wanda ke manne wa dutse don kada ruwa ya tafi da shi: idan aka sa shi a ruwa kwance mai ɗumi, ba ya jimawa. Ruwa mai zafin digiri 20 yana riƙe da kimanin miligiram 9 na oksijin a kowace lita, idan ya kai digiri 30 sai ya sauko wajen 7 da rabi. Wannan ne ya sa ɗaukewar wuta da tsakar bazara ta fi kome hatsari, kuma wanda ba shi da ƙaramin famfon iska mai batir, to, ya riƙa ɗiban ruwan da moɗa yana tsiyayo shi daga sama har wuta ta dawo.

Daga nan ne za a gane raunin masu cewa tun da kifin ƙasar zafi ne, ƙasarmu kuwa ƙasar zafi ce, babu abin damuwa. Galibin kifayen nan sun fi lafiya tsakanin digiri 24 da 27, a ruwan da inuwar kurmi ta lulluɓe, wanda zafinsa ba ya hawa da sauka farat ɗaya. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi kuwa, rana ta kan haura digiri 40 da bazara, dare kuma ya sauko ƙasa da 15 da hunturu, ruwa kaɗan kuwa yana bin iskar ɗaki duk inda ta nufa. Ma'aunin zafi a jikin gilashi, da nisanta akwatin daga tagar da rana ke duka, da fanka mai hura fuskar ruwa da bazara, da na'urar ɗumama ruwa da hunturu, ba ƙawa ba ce.

Wasu kuma tsoro ya hana su, don sun ji an ce furen nan mai yaɗo da ake kira fotos, da ɗan'uwansa mai farin fure, dafi gare su, za su kashe kifi. Gaskiya ne a jikinsu akwai wasu 'yan allurai ƙanana, irin waɗanda ke sa ɗanyen gwaza ƙaiƙayi a maƙogwaro, don haka a kiyaye yaro da kyanwa kada su tauna ganyen. Amma saiwarsu a ruwa ba ta cutar da kifi. Hatsarin haƙiƙa yana cikin ƙasar da aka sayo tsiron da ita, mai taki da maganin ƙwari, wadda dole a wanke ta tas daga saiwa kafin dashe. Gwazan kansa ma ya dace da wannan aiki idan akwatin babba ne, haka wata ciyawa mai kama da laima, 'yar dangin aya. Tsiron da ake kira anubiyas kuwa, wanda Turawa ke saye da tsada alhali asalinsa gaɓar rafukan kudancin Nijeriya da Kamaru da maƙwabtansu, ɗaure shi ake yi a jikin dutse ko itace, domin idan aka binne kaurin gindinsa ruɓewa yake yi. Batun sauro kuma gajere ne: tsutsarsa abincin kifi ce, ruwa mai motsi kuma ba wurin ƙyanƙyasarsa ba ne, sai dai a duba kada wani kofi ya toshe ya tara ruwa inda kifi ba ya kaiwa.

Wanda ya ce a zuba ruwa da hantsi a saki kifi da la'asar, shi ma bai faɗi daidai ba, domin bakteriyar nan da muka ambata ta kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ta zauna, kulorin ɗin ruwan famfo kuma yana kashe ta. Shi ya sa ake sa maganin cire kulorin, kuma da tsohon ruwan akwati ake ɗauraye soson tacewa. Haka zancen wai kifi ba ya wuce girman mazubinsa: ɗan tarwaɗa ko dai ya girma ya haɗiye abokan zamansa, ko ya tsumbure cikin cuta, karfasa kuma ta tone duk abin da aka dasa. Abin da ake faɗa wanda ya tabbata ba tare da ƙari ba shi ne tsallen kifi. Daniyo mai zanen jakin dawa na rafukan Indiya yana tsalle, kifin malam-buɗe-littafi na ruwan Afirka ta Yamma, da ɗan kifin nan mai jan ɗigo-ɗigo da ake kira gadneri na Nijeriya da Kamaru, su ma gwanayen tsalle ne. Wanda ya zaɓe su, to, ya bar tazarar taƙi guda tsakanin fuskar ruwa da bakin gilashi, ya kuma shimfiɗa raga mai ƙananan idanu a saman akwatin ta gaba, inda ganye bai rufe ba.