Sawun burtali cikin na'ura: yadda tafiyar kwanaki take zama shaida

Kowace shekara, da damina ta sauka, garkunan Nijar sukan bar ƙasar noma su nufi arewa, wasu har Ingal. Bayan girbi kuma su juyo kudu. Hanyar da suke bi ita ce burtali. Duk inda gona ta cinye burtali, nan fitina take tashi tsakanin manomi da makiyayi. Abin da ya auku a Toda, cikin jihar Maraɗi, a 1991, inda fiye da mutum 100 suka rasa rayukansu, ya isa ishara.

Hukuma ba ta zauna ba. Dokar 1961 ta shata iyakar noma daga arewa. Kundin dokokin karkara na 1993 ya tanadi hukumomin kula da filaye, waɗanda ake kira COFO, kuma dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar wa makiyayi haƙƙinsa na tafiya da dabbobinsa. Amma doka ba ta iya tsare hanyar da ba a san inda ta bi ba. Shi ya sa ma'aikata suke taka burtali da ƙafa, tare da wakilan sarakuna, manoma da makiyaya, riƙe da na'urar GPS.

Wannan na'ura tana sauraren taurarin ɗan Adam da suke zagaya duniya a nisan kilomita 20.000 da ɗoriya. In ta ji guda 4, sai ta san inda take. Kafin shekarar 2000, Amurka, mai taurarin, tana dagula saƙon da gangan, har kuskure yakan kai mita 100. Tun da ta daina, kuskuren ya ragu zuwa ƴan mitoci. Na'urar tana rubuta wuri da lokaci, ɗigo bayan ɗigo. Jerin ɗigon nan shi ne sawu.

Dogon burtali ba ya takuwa a yini guda. Kowace rana da nata sawu, wani lokaci ma a na'urori dabam-dabam. Sai an dawo ofis a haɗa su cikin kwamfuta, kuma nan ne ake bukatar hattara ga abu uku.

Na farko, lokaci. Na'ura tana ajiye sawu da agogon duniya, wanda agogon Nijar ya riga da awa 1. In aka gwama su, jerin tafiya ya birkice. Na biyu, giɓi. In batir ya mutu a hanya, kwamfuta takan ja miƙaƙƙen layi daga inda sawu ya yanke zuwa inda ya ci gaba. Layin yana iya ratsa gonar bawan Allah wadda ko akuya ba ta taka ba. Maganinsa a koma a sake taka wurin. Na uku, zango. Na'urar da aka bari kunne da dare takan yi ta zuba ɗigo barkatai a wuri guda, har ta ƙara tsawon hanya. Dole a share su.

In an gama haɗi, ana iya maimaita tafiyar a kan taswira: ɗigo ɗaya yana tafiya, yana nuna inda aka kwana, rijiyar da aka tsaya, da inda aka kauce saboda gona ta tare hanya. Ko wanda bai yi karatu ba yana iya gane wurin, ya ce i ko a'a.

Saboda haka ya kamata a nuna sawun a bainar jama'a kafin a kafa turakun siminti. Na'ura tana faɗin inda aka bi ne kawai. Dattawan gari da na ruga su ne suka san inda burtali yake tun kaka da kakanni. Sai shaidun nan biyu sun dace, sannan a sa hannu ga takarda.