Cefanen 'Yan Sanda: Tsakanin Abuja da Kebbe, Ina Kayan Ke Maƙalewa?

Kwanakin baya wani ɗan'uwana da ke noma a kudancin Sakkwato ya kawo mini kukan abin da ya same shi. An kore masa shanun huɗa guda biyu cikin dare, gari na wayewa ya garzaya ofishin 'yan sanda mafi kusa, inda aka karɓe shi da mutunci aka rubuta bayaninsa, sannan aka shaida masa cewa mota ɗaya ce gare su, ita ma ba mai a cikinta, in yana son a bi sawu sai ya kawo kuɗin mai. Ya kawo. Da aka zuba man sai batir ya ƙi, kafin a samo na aro rana ta take, sawun kuma ya bi iska. Shi a ganinsa laifin kurtun da ya tarar ne. Ni kuwa a nawa ganin, kurtun nan shi ne mutum na ƙarshe a wani dogon layi da ya faro daga wani teburi a Abuja, inda ake yanke shawarar abin da za a sayo wa 'yan sanda, da wanda zai sayo, da farashin da za a biya.

Sanin kowa ne cewa sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi rundunar 'yan sanda guda ɗaya tak ga ƙasa baki ɗaya. Ma'anar wannan ita ce, takalmin da kurtu zai sa a Kuchi, da motar da za ta yi sintiri tsakanin Dogon Daji da Tambuwal a kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, da na'urar oba-obar da za a kira ɗauki da ita daga Sanyinna ko Jabo, duk a wuyan Gwamnatin Tarayya suke. Ƙasar Kebbe kuwa tana maƙwabtaka da jihohin Kebbi da Zamfara, ga daji, ga hanyoyin da damina ke yankewa, ga 'yan bindigar da a shekarun nan suka hana manoma sakat. A irin wannan wuri, jinkirin awa guda wajen tada mota na iya zama bambanci tsakanin rai da mutuwa. Shi ya sa maganar kwangila, wadda wasu ke ɗauka ta 'yan boko da akantoci ce kawai, take maganar talakan Kebbe kafin ta zama ta kowa.

Mai karatu zai iya cewa ai matsalar ƙarancin kuɗi ce. Babu shakka kuɗin bai isa ba, amma tarihi ya nuna cewa ko ɗan abin da ake warewa ba ya isa inda aka nufa. A farkon shekarar 2005 aka sauke Sufeto Janar Tafa Balogun daga muƙaminsa, hukumar EFCC ƙarƙashin Malam Nuhu Ribaɗu ta gurfanar da shi, a watan Nuwamba na shekarar ya amsa laifi, aka yanke masa wata shida a gidan yari tare da ƙwace dukiya mai tarin yawa. A 2006 gwamnatin Cif Obasanjo ta kafa asusun sayo wa 'yan sanda kayan aiki, aka cire Naira miliyan 10 daga kason kowace ƙaramar hukuma cikin 774 na ƙasar nan, jimilla Naira biliyan 7.74. Tambuwal ta ba da nata, Kebbe ta ba da nata, ƙananan hukumomi 23 na Jihar Sakkwato sun haɗa Naira miliyan 230. Ba a yi shekara biyu ba asusun ya zama abin bincike a Majalisar Wakilai, daga nan magana ta kai kotu. Ni dai har yau ban haɗu da mutumin Kebbe da zai nuna mini abin da miliyan gomansu ta sayo ba.

A watan Janairun 2013 gidan talabijin na Channels ya nuna wa duniya halin da kwalejin horar da 'yan sanda ta Ikeja ke ciki: rufin ɗakuna a yage, makewayi ba kyan gani, abinci ba ya isa, har Shugaba Goodluck Jonathan ya kai ziyarar ba-zata don ya gane wa idonsa. Sai kuma rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019, wanda ya ce akwai makamai 178,459 da rundunar ta kasa bayar da bayaninsu, ciki har da bindigogi ƙirar AK-47 guda 88,078. Rundunar ta musanta cewa duk ɓacewa suka yi, ta ce wasu suna hannun jami'an da ke bakin aiki lokacin da aka zo ƙidaya. To, ko da mun karɓi wannan uzuri, ya tabbatar da abin da muke faɗa: littafin ajiyar kaya ba ya tafiya daidai da abin da ke cikin sito. Ga mutanen da bindiga ta raba da gonakinsu, wannan ba ƙaramin abin tsoro ba ne.

Abin mamakin shi ne ba mu rasa doka ba. Tun 2001 aka kafa ofishin bin ƙa'idar kwangila a fadar shugaban ƙasa, wanda Uwargida Oby Ezekwesili ta yi suna a kansa. A watan Yunin 2007, kwanaki kaɗan da hawansa mulki, marigayi Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a Dokar Sayen Kayan Gwamnati, wadda ta haifi hukumar BPP. Dokar ta wajabta tallata kwangila a fili, da buɗe takardun masu nema a gaban jama'a, da gayyato masu sa ido daga ƙungiyoyin ƙwararru da na farar hula, ta kuma tanadi ɗauri ba tare da zaɓin tara ba ga wanda ya karya ta. Sai dai a sashe na 15 an bar wata kafa: dokar ba ta hawa kan sayen kaya na musamman da suka shafi tsaron ƙasa sai da amincewar shugaban ƙasa. Hikimar wannan a bayyane take, domin ba a shelar sirrin makami a kasuwa. Illar kuwa ita ce, kalmar "tsaro" ta zama mayafi mai faɗi, wanda in ba a yi hattara ba za a lulluɓe har shinkafa da katifa da tayar mota da shi. Wane sirri ne a cikin farashin takalmi?

Darasi a nan na iya zuwa daga ƙasar Yukren. A watan Janairun 2023, ana tsakiyar yaƙi da Rasha, wani ɗan jarida ya fallasa cewa ma'aikatar tsaron ƙasar na sayen ƙwai ga sojoji da farashin da ya zarce na kanti nesa ba kusa ba. Mataimakin minista ya ajiye aiki, majalisa kuma ta yi dokar da ta tilasta bayyana farashin kayan soja waɗanda ba makamai ba. In ƙasar da ake ruwan bama-bamai a kanta za ta iya raba sirrin bindiga da farashin ƙwai, ban ga hujjar da za ta hana mu ba.

A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar Asusun Amanar 'Yan Sanda, wadda ta ware masa kashi 0.5 cikin ɗari na kuɗin da ke shiga asusun tarayya, da wa'adin shekara shida. A wannan shekarar aka farfaɗo da Ma'aikatar Harkokin 'Yan Sanda, aka damƙa ta ga ɗan Sakkwato, Alhaji Muhammad Maigari Dingyaɗi, wanda ya riƙe ta har 2023. A 2020 sabuwar Dokar 'Yan Sanda ta maye gurbin ta 1943. A farkon 2022 Babbar Kotun Tarayya, a ƙarar da Jihar Ribas ta shigar, ta ce cire kuɗin nan kai tsaye daga asusun tarayya ya saɓa wa tsarin mulki. Duk da waɗannan sauye-sauye, gwamnonin jihohi ba su daina sayen motoci suna miƙa wa kwamishinonin 'yan sanda a gaban kyamara ba. Mota na iya fitowa daga runduna, ko ma'aikata, ko asusu, ko gwamna, ko ɗan majalisa, kuma da wuya a samu wanda ya ware kuɗin mai da gyaranta. Masu iya magana sun ce a bar kaza cikin gashinta, amma wannan kazar sai an fige ta.

Gyaran da nake gani ya kasu huɗu. Na farko, a fayyace a rubuce waɗanne kaya ne na sirri, a taƙaita su ga makamai da na'urorin leƙen asiri, sauran duka, daga kaki zuwa ginin bariki, a tallata su, a buga sunan wanda ya ci kwangilar da farashin kowane ɗaya. Su ma na sirrin a riƙa gabatar da su ga kwamitin majalisa da Babban Mai Binciken Kuɗi a bayan labule. Na biyu, jerin buƙatu ya riƙa tasowa daga ƙasa. DPO na karkara ya san cewa a cikin damina babura goma sun fi masa babbar mota ɗaya amfani, amma wa ke tambayarsa? Na uku, kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai ofishin da aka yi sayayyar dominsa ya sa hannu cewa kaya sun iso, sun kuma yi daidai da abin da aka rubuta, sannan kowace mota ta zo da kason mai da gyara na shekara, wanda zai shiga asusun ofishin kai tsaye. Na huɗu, kowace bindiga da kowace mota su samu lamba a rajistar kwamfuta guda ɗaya, a riƙa ƙidayar ba-zata, wanda kaya suka salwanta a hannunsa ya amsa tambaya da sunansa.

Mu ma 'yan boko na wannan yanki akwai namu laifin, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi takardun kwangila, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Mu nawa ne, cikin lauyoyi da malaman jami'a da 'yan jaridar da Tambuwal da Kebbe suka haifa, muka taɓa rubuta irin wannan wasiƙa? Mazaɓar Kebbe da Tambuwal ta ba Nijeriya Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, wato Alhaji Aminu Waziri Tambuwal, saboda haka ba wanda zai ce muryar yankin ba ta kai Abuja. Ya kamata ƙungiyoyin ci gaban garuruwanmu, tare da iyayen ƙasa, su nemi wakilanmu su riƙa kawo mana lissafi duk shekara: motoci nawa aka rubuta wa ofisoshin 'yan sandanmu, nawa suka iso, nawa ke kan taya, nawa ke kan dutse.

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a littafinsa Diya'ul Hukkam, ya yi dogon bayani kan amanar da ke wuyan mai mulki game da dukiyar jama'a, kuma mutanen wannan yanki ba baƙi ne ga wannan karatu ba. Abin da ya rage shi ne a aiwatar da shi a kan takardar kwangila da littafin sito. Ɗan'uwana ya riga ya rasa shanunsa, bana da hannu ya yi huɗa. Fatana shi ne manomin da zai je ofishin nan baɗi ya tarar da mota mai tashi, da mai a tankinta. Allah Ya sa mu dace.